Tambarin Tsinke

Litinin, da hantsi

Yau ma wani ya tsaya a ƙofar shago ya yi mini tambayar da kowa ke yi: "Malam, in birkin tsohuwar mota ya yi sanyi, me zai hana a sayo na sabuwa a ɗaura?" Ni ma haka na zata lokacin da nake koyo, don haka ban yi masa dariya ba. Na ɗauko faifan birki na zamani na kanga a ƙafar wata tsohuwar mota, na ce ya leƙa. Ramukan ba su haɗu ba. Kalifa, wato ƙarfen da ke cafke faifan idan an taka birki, ba ta da wurin zama. Sai an sassaƙa mata mariƙi na musamman, wanda ba a samunsa a kasuwa, domin babu kamfanin da ya taɓa tunanin wannan aure zai ɗauru. Aikinmu ke nan, shi nake koya wa yara.

Da safen nan muka miƙa wa Baba Sannu-Sannu motarsa. Tsohon direba ne, yana jigilar fasinja a hanyar gangare tun kafin a haifi ɗalibaina. Mun sa wa motar faifai masu faɗi a gaba, mun canja sifirin da suka zauna, mun yanka mata sababbin bushin, robobin da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Amma abin da ya sa nake rubutu ina murmushi shi ne mariƙin. Tsinke ce ta yi shi, 'yar yayata, daga ɗanyen ƙarfe har gamawa, ban sa mata hannu ba. Na auna shi ta kowace fuska ina neman abin faɗa, na rasa.

Dokar shagona ce duk ɗalibin da ya gama aiki ya buga tambarinsa a jiki. Kowa shi ke sassaƙa ɗan ƙarfen bugunsa ranar da na yarda da hannunsa. Nakan ce musu wanda ya san za a gane aikinsa ba ya ha'inci. Ni ba ni da tambari, na yara ne. Na Tsinke layi uku ne da suka haɗu a gindi. Ita ta ce kibiya ce, 'yan ajinta suka ce sawun kaza ne, nasu sunan kuma shi ya zauna. A wuya take rataye ƙarfen bugun da igiya, kamar wani zai sace.

Baba ya gwada motar a filin bayan shago. Ya taka birki yadda ya saba, hularsa ta yi gaba ta bugi gilashi.

"Malam, wannan ai ba ta sallama."

"Wace sallama kuma, Baba?"

"Mu a gangare takun farko sallama ne, na biyu ne birki. Wannan kuwa ko gaisuwa babu, sai dai ka ji ta shaƙe ka."

Muka yi ta dariya. Ya kama hannun Tsinke ya jujjuya, ya ce, "Da wannan ɗan siririn abu aka yi? Allah ya yi masa albarka." Ta sunkuyar da kai, amma kunnuwanta ma murmushi suke.

Laraba, da yamma

An ce wani abu ya faru a gangare. Na sallami yara da wuri.

Alhamis, da safe

Mai Walda, maƙwabcin shagona, ya je wurin ya dawo. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya ƙi kallona.

Ga yadda direbobin gangare ke tuƙi, ga wanda bai sani ba. Jere suke saukowa, hanci a wutsiya, don kada wani ya shiga tsakani ya kwashe fasinja. Kowa idonsa na kan jar fitilar motar gabansa. Tunda duk motocin tsofaffi ne, fitila kan kama a takun farko, motar ba ta tsayawa sai a na biyu. Tsakanin nan akwai numfashi guda, kuma a kan numfashin nan suke rayuwa shekara da shekaru. Jiya Baba ya taka, fitila da tsayuwa suka zo tare.

Wanda ke bayansa ƙanen Mai Layi ne. Mai Layi shi ke da yawancin motocin hanyar, shi ke cewa wane ya yi lodi, wane ya jira. Ba zan rubuta abin da Mai Walda ya faɗa game da motar baya ba. Fasinjoji sun fita da ƙafarsu. Direban ne sai da aka yanka ƙofa.

Su kuma sauran direbobin suka jawo Baba ta taga. Da sifanar taya suka fara. Mai Walda ya ce matan da ya ɗauko ne suka kwanta a kansa, ba don su ba da ba a kai shi asibiti ba, sai dai wani wuri. Daga nan aka zuba wa motarsa fetur, aka cinna wuta.

Na ɗauko zanen mariƙin na sake bin lissafin. Aikin daidai yake.

Alhamis, bayan la'asar

Na je asibiti. Da muryarsa na gane Baba, fuskar ba tasa ba ce. Leɓe ya tsage har haɓa, ido ɗaya ya rufe ruf, haƙoran gaba babu. Da ya ji ni ya ɗago yatsa, na sunkuya.

"Ta tsaya, Malam."

"Kada ka wahalar da kanka, Baba."

"Yaro ne ya tsallako da kwando a kai. Ko ƙwarzane bai yi ba. Da tsohon birkina ne, da yanzu ana zaman makokinsa." Ya yi tari, jini ya biyo. "Ka gaya wa 'yar nan motar ta tsaya."

Zan fita na bi ta ɗakin da aka kwantar da ƙanen Mai Layi. Saurayi ne, bai fi Dogo ɗalibina ba. Bargon da aka lulluɓe shi ya tashi a gefen hagu, a gefen dama kuwa daga kafaɗa ya kwanta shafal a kan katifa. Wansa na tsaye a bakin ƙofa. Na yi masa sannu. Hannuna ya kalla.

Jumma'a, da safe

Na ce wa Tsinke ta zauna gida ta taya uwarta aiki. Ta tambaye ni dalili, na ce babu ƙarfe.

Asabar, da rana tsaka

Sun zo.

Ina nuna wa yara yadda ake daidaita faifai a kan injin sassaƙa, sai hasken ƙofa ya toshe. Ba su yi magana ba sai da suka gama da gilashin taga da akwatin ma'aunai. Ma'aunin da malamina ya ba ni, wani ya ɗora shi a ƙasa ya bi shi da guduma kamar yana kashe kunama. Yaran suka taru a bayana, ina jin numfashinsu a wuyana.

Mai Layi ya shigo daga ƙarshe. Ya ajiye abu a kan teburi, baƙi ƙirin da hayaƙi. Mariƙin ne. Wuta ta cinye motar, shi ko lanƙwasa bai yi ba. An goge wuri ɗaya da yatsa, sawun kaza ya fito tas.

"Na wa ne?"

"Aikin shagona ne."

"Shago ba shi da hannu, Malam. Hannu nake nema. An cire wa ɗan uwana guda, a ba ni guda, mu rabu lafiya."

"Nawa ne. Ni na yi."

Ya yi ɗan murmushi. "An ce mini kai ba ka bugawa, yara ne ke bugawa. In naka ne, ina ƙarfen bugun?"

Na laluba aljihu kamar zan same shi. Mari na farko ban ga wanda ya yi ba. Na faɗi a kan buhun ɓarɓashin ƙarfe, suka bi ni da takalma, ciki da haƙarƙari. Ina ƙasa na ga sun jawo Dogo, sun cusa hannunsa a matsi, ƙarfen nan da muke danne aiki a ciki, suna juya hannun matsin a hankali. Dogo da ke kuka in tartsatsi ya taɓa shi. Ya dube ni, na dube shi. Bai faɗi sunan kowa ba, sai fitsari da ya bi wandonsa.

Mai Layi ya ɗaga yatsa, aka sassauta. Ya ce shi ba azzalumi ba ne, ba zai karɓi hannun da bai ci bashi ba. Zai bi yaran gida gida har ya sami mai kazar.

Dogo zai iya motsa yatsunsa. Na duba su ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi, da safe

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Mutum biyu suka zo, suka dubi taga, suka rubuta, suka ce in an sake in sanar da su.

Litinin, da yamma

An sake. Ba a shago ba, a gidan su Gajere, ƙaramin cikin ɗalibaina. Sun fasa ƙofa, sun zazzage akwatin kayan aikinsa a tsakar gida suna neman ƙarfen bugu. Nasa tauraro ne, sun gani, duk da haka sun fasa masa kai da murfin akwatin don bai faɗi na wa ne ɗayan ba. Ƙanwarsa ta ruga ta kira ni. Na tarar ana danna masa tsumma a goshi, tsumman ya jiƙe, an ɗauko wani.

Ubansa ya ja ni waje ya riƙe mini wuyan riga.

"Na ba ka yaro ka koya masa sana'a, ba ka koya masa rufin asirin danginka ba. Ya ƙi gaya mini, amma ni ba jaki ba ne. Wace ce ba ta zuwa shago kwanan nan?"

Na ce ya yi mini haƙuri zuwa ƙarshen mako. Ya ce haƙurinsa na nan a tsumman can, in je in matse.

Yana da gaskiya. Aikin daidai yake, shi ma kuma yana da gaskiya.

Talata, da hantsi

Haƙarƙarina ba ya barin in yi dariya. Babu ma abin.

Laraba, da rana

Gidan Yaya. Ta kulle Tsinke a ɗaki, ta zauna a bakin ƙofa da muciya a cinya. Tun daga waje nake jin ana dukan ƙofar daga ciki.

"Ka ji ta ko? Wai za ta je ta ce ita ce. Ka ga abin da ka mayar mini da 'ya. Na ce ɗinki, ka ce ƙarfe."

"Yaya, buɗe in yi mata magana."

"A fitar da ita garin nan yau."

"A motar wa? Duk motar da ke fita ta layinsa ce. In ma ta fita, sauran yaran fa? Gobe gidan wani za su."

Ta buɗe. Tsinke ta rame a 'yan kwanakin nan har sunan ya yi mata yawa. Ba ta gaishe ni ba.

"Kawu, kai ka ce wanda ya buga tambari ya tsaya a kan aikinsa."

"Na faɗa."

"To ga ni zan tsaya. An fasa wa Gajere kai saboda ni. Dogo ba ya iya riƙe cokali."

"Dogo dama bai iya riƙe komai ba. Ba ni ƙarfen."

Ta damƙe shi a ƙirji. "Mun auna komai a motar nan, Kawu. Faifai, kalifa, nauyin gaba, nauyin baya. Motar da ke binta ce kawai ba mu auna ba."

Na sake cewa ta ba ni ƙarfen. Ta ce sai dai in kashe ta.

Na karɓo. Ba zan rubuta yadda na karɓa ba. Tunda na fara koyarwa ban taɓa ɗaga wa ɗalibi hannu ba. Igiyar ta bar mata shata a wuya, ita kuma ta bar mini haƙoranta a damtse. Yaya ce ta riƙe mata ƙafafu, tana kuka tana zagina.

Alhamis, da safe

Ga wani darasi da ban taɓa koyarwa ba. Sabon bugu a jikin ƙarfe yana ƙyalli, ko makaho ya shafa zai ji kaifin bakinsa. Tsohon bugu kuwa bakinsa ya lashe, cikinsa ya cika da dattin shekaru. In kana son sabo ya tsufa, sai ka fara bin bakin da takardar gurza mai laushi, a hankali, kada ka yi zalama. Sannan ka ɗiga ruwan batir kaɗan, ka barbaɗa gishiri, ka ajiye a inda rana ke duka. Tsatsa za ta fito ja. Ja ba ta yi ba, sabuwa ce, sai ka shafe ta da baƙin man inji ka ɗan gasa a wuta, ka goge da tsumma, ka sake. Haka za ka yi ta yi har ta koma ruwan ƙasa.

Na buga a kan gudumata, da sifanonin da na fara aiki da su, da murfin akwatina, da gindin injin sassaƙa. Na buga a bayan allon shago. Kaza ta bi ko'ina.

Abin ya yi kyau ƙwarai. Da ɗalibi ne ya yi, da na yaba masa.

Alhamis, bayan la'asar

Maman yara ta kawo mini abinci shago, abin da ba ta saba ba. Ta tarar da kayan a shanye a rana. Ta ɗauki gudumar ta duba, ta ajiye. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu.

"Kai hannu nawa gare ka?"

"Biyu."

"Na zata uku ne, shi ya sa kake rabo."

"Ni na riga na iya. Abin da ke kaina zan iya faɗa da baki. Ita yanzu ta fara."

"Mu kuma mu ci bakin naka."

Ta buɗe kwano ta tura mini, ta zauna tana kallona ina ci. Can ta ce, "Ci da kyau mana, kana wasa da shi kamar na aro." Sai ta tashi ta shiga bayan injin, ta daɗe a can. Da ta fito ta ce ƙurar ƙarfe ce ta shiga mata ido.

Jumma'a, da safe

Na gwada sa maɓallin riga da hagu. Ana iyawa.

Jumma'a, da yamma

Sun tare Mai Walda a hanya, wai shi ne maƙwabci, ba zai rasa sani ba. Sun ƙona masa gemu da abin waldarsa. Ya shigo yana warin gashi, rabin fuska ta yi ja, yana cewa dama matarsa ta daɗe tana so ya rage shi.

Na nuna masa kayan. Ya ɗauki sifana ya kai hanci.

"Tana ɗan wari."

"Zuwa gobe zai tafi."

"Malam, ka san abin da kake saye kuwa?"

Na ce na sani. Na roƙe shi ya je ya gaya wa Mai Layi na gaji, ya zo gobe in nuna masa ƙarfen bugun, amma shi da mutanensa kawai, kuma daga nan ba ruwansa da yarana. Ya ce ba zai kai wannan saƙo ba ko za a ƙone sauran gemun. Ya zauna. Ya tashi. Ya tambaye ni da wane lokaci.

Asabar, da sassafe

Na aika wa kowane ɗalibi kada ya zo. Na share shago, na kwashe gilashin da ya rage a taga, na rufe injin da buhu don kada wani abu ya fantsama a kansa. Na jera kayan a teburi, ƙarfen bugun a tsakiya.

Ba na jin tsoro sosai. Hannun ne ke ta zufa, shi kaɗai, kamar an gaya masa.

Na yanke farce.

Talata, da hantsi

Ni ce ke rubutu, Tsinke. Kawu ya ce in ɗauko littafin nan in rubuta abin da zai faɗa, kada in karanta na baya. Na karanta.

Ya ce in rubuta: an sallamo shi jiya, yana samun sauƙi, likita ya ce babban yatsa da manuni wataƙila su dawo. Ya ce in rubuta cewa abincin asibiti ba gishiri. Ya ce shi ke nan.

Ba shi ke nan ba. Yana kwance yana kallon rufi, ba ya ganin abin da nake rubutawa, don haka zan sa abin da Mai Walda ya gaya mini, tunda shi yana wurin.

Mai Layi ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya kankare tambarin guduma da farce, ya duba gindin injin, ya gwada ƙarfen bugun a tambarin da ke jikin mariƙin, ya zauna daram. Mutanensa suka ce shi ne, ashe tsohon munafukin ne da kansa. Shi kuwa ya ɗauki sifana. Ya kai sifanar hanci, ya daɗe. Sannan ya matso kusa da Kawu ya yi magana ƙasa ƙasa, Mai Walda ne kawai ya ji.

"Tsatsar nan tana warin batir, Malam."

Kawu ya ce, "Shago ne, komai na warin batir."

"Ka tabbata naka ne?"

"Nawa ne."

Ya dube shi, ya dube shi. Sai ya ce, "To." Ya juya ya gaya wa mutanensa da ƙarfi cewa an sami mai kazar, daga yau duk wanda ya taɓa ɗalibin shagon nan shi ya taɓa. Kawu da kansa ya sa hannun a matsi. Mai Layi bai bar kowa ya juya ba, shi ya juya. Mai Walda ya ce bai ji Kawu ya yi ƙara ba sai daga ƙarshe, kuma ƙarar ba ta kai ta ƙashin ba. Da aka gama, motar Mai Layi ce ta kai shi asibiti.

Yatsu uku babu. Ya ce kada in rubuta adadi, wai ba a ƙirga abin da ya tafi.

Laraba, da yamma

Ni ce dai. Ya ce in rubuta cewa Baba Sannu-Sannu ya fara shan kunu da kansa, Gajere an cire masa zare, ubansa ya aiko da gaisuwa amma bai zo ba.

Ya tambaye ni yaushe zan buɗe shago. Na ce ba zan ƙara taɓa ƙarfe ba har abada, na gaya wa Inna ta nemo mini keken ɗinki. Ya ce in rubuta cewa ɗinkina ko buhu ba zai riƙe ba. Na rubuta. Ya yi dariya, haƙarƙari ya kama shi, Maman yara ta kore ni.

Asabar, da hantsi

A shago muke. Ya matsa sai an kawo shi, wai gida na sa masa ciwon kai. Mai Walda ya wanke matsin tun ran nan, amma na jefa buhu a kai. Kawu na zaune a kujera, hannun a rataye a wuya. Ni ina bakin ƙofa, ban shiga ba. Dogo ya zo, yana ta share inda aka riga aka share.

Ya ce in rubuta: yau an buɗe.

Ya ce in miƙo littafin ya ga ko ina rubuta abin da yake faɗa. Na miƙa. Bai karanta rubutun ba, gefen shafin ran Laraba ya tsaya kallo.

"Mene ne wannan?"

"Ba komai, Kawu. Zane ne kawai."

"Na ga zane ne. Na mene ne?"

Na ce ɗan mariƙi ne na makunnin jar fitila. In aka matso da makunnin sama, fitila za ta kama da zarar ƙafa ta taɓa feda, tun birki bai fara ci ba. Na baya zai sami numfashinsa. Ba zai kai na da ba, amma zai samu. Na ce tunani ne kawai, barci ne ba ya zuwa.

Ya juya littafin sama da ƙasa da hagunsa. Ya ce ramin nan ya yi kusa da baki, zai tsage. Na ce ba zai tsage ba, ba nauyi yake ɗauka ba. Ya ce zai tsage. Na ce in aka yi shi da kauri kaɗan ba zai tsage ba. Dogo ya daina shara.

Ya maido mini littafin ya ce in ci gaba da rubutu, kalma da kalma, kada in ƙara nawa. Ga abin da yake faɗa:

Ni na ce zai tsage, ita ta ce ba zai tsage ba, kuma baki ba ya raba wannan gardama. Ni ba ni da abin da zan gwada da shi. Akwai guntun ƙarfe a ƙarƙashin teburi, daidai kaurin da take so. Dogo zai cire buhun da ke kan injin. Hannunki zai yi rawa, ki bar shi ya yi, nawa ma ya yi. Ki fara da yanka mara zurfi, ki saurari ƙarar. Tsinke, na ga kina rubutawa har yanzu. Ajiye biron nan, ki shigo ki gwada da kanki.